Idan Rahoton Gwajin Naman Mama Ya Saɓa wa Abin da Likita Ya Taɓa da Hannunsa

Tambaya: Ni likita ne mai duba marasa lafiya na yau da kullum, ba ƙwararre a fannin sankara ba. Yakan faru in taɓa ƙullutu mai tauri a maman mace, a ɗauki nama da allura, rahoto ya dawo cewa babu sankara. Wani lokaci allura ta ce abu kaza, bayan tiyata a ce wani abu daban. Ko ɗakin gwaji ɗaya ya ce ƙarin ba shi da ER (mai karɓar sinadarin istirojin), wani ya ce yana da shi. A ina matsalar take, kuma yaushe ya kamata in ƙi yarda da rahoto?

Amsa: Dakta, barka da aiki. Abin da ka bayyana ba baƙon abu ba ne, kuma mafi yawan irin wannan saɓani ba a ƙarƙashin madubin bincike ake haifar da shi ba. Kafin nama ya isa teburin likitan binciken nama an riga an yi ɓarnar: ko allura ta kauce wa ƙarin, ko naman ya jima a waje bai shiga fomalin (ruwan da ke hana nama ruɓewa) ba, ko takardar da ta raka shi ba ta ce komai ba sai “ƙullutu a mama”. Ragowar kuwa wurare ne da ko waɗanda suka tsufa a aikin sukan saɓa wa juna. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Duba girman abin da ake aikawa. Allurar bayofsi mai lamba 14, wadda aka fi amfani da ita, tana fito da zaren nama da faɗinsa bai wuce milimita 2 ba, tsawonsa kuma kusan santimita 2. Ko an ɗauki zare huɗu ko biyar daga ƙari mai santimita 3, ɗan tsagi kawai aka gani. Ƙari mai tauri sosai yakan ture allura gefe ta ɗebo kitsen da ke kewaye, babba kuma in an soki tsakiyarsa mataccen nama ake samu. Shi ya sa ba a yanke hukunci da rahoton nama shi kaɗai. Abu uku ake haɗawa: abin da hannu ya taɓa, abin da hoto ya nuna, da abin da nama ya faɗa. In ɗaya ya bauɗe, wanda ya fi muni ake bi har sai an tabbatar. A ma'aunin BI-RADS na likitocin hoto, mataki na 3 yiwuwar sankara bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, 4A kashi 2 zuwa 10, 4B kashi 10 zuwa 50, 4C kashi 50 zuwa 95, mataki na 5 kuwa kashi 95 ko fiye. Don haka rahoton “babu sankara” a kan hoto mai mataki 5 ba albishir ba ne. Sau da yawa yana nufin allura ba ta sami inda aka nufa ba. Sai a sake, ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin har ta shiga ƙarin, ko a yi amfani da allura mai zuƙo mai lamba 8 zuwa 11, ko a cire ƙullutun gaba ɗaya.

Ka kuma karanta jikin rahoton, kada ka tsaya a layin ƙarshe. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: abin da aka rubuta ya isa ya haifar da ƙullutun da na taɓa? Faibro'adinoma, ƙullutu marar haɗari, zai iya. Mataccen kitse bayan bugu ko tiyata zai iya. Amma “kitse da lafiyayyun bututun nono” ba ya yin ƙullutu mai tauri. Tsarin da ake bi a Birtaniya ya raba su sarai: B1 lafiyayyen nama ne ko wanda bai isa ba, B2 cuta ce da aka gane marar haɗari, B3 abin da ba a tabbatar da halinsa ba, B4 ana zargi, B5 sankara. Mace nawa aka sallama da B1 a matsayin B2, Allah kaɗai ya sani. Haka in an ɗauki nama saboda ɗigo-ɗigon kalsiyam da mamogiram ya nuna, dole a ɗauki hoton zaren naman a ga ɗigon a ciki, rahoton ma ya ambace su. In bai ambata ba, ka nemi a ƙara yanka bulok ɗin farafin da aka daskarar da naman a ciki, a yi zurfi, a kuma duba da haske mai tacewa, don kalsiyam ogzalet ba shi da launi a rinin yau da kullum da ake yi wa nama kafin a duba shi, ido yakan wuce shi.

Siririyar allurar da ake zuƙo ƙwayoyi da ita tana da amfaninta, musamman a kaluluwar hammata da ƙullutu mai ruwa, amma ba ta iya faɗa maka ko sankarar tana tsare a cikin bututu ko ta keta bango. Ga mai ciki ko mai shayarwa kuma ƙwayoyin da ke samar da nono sukan yi kama da na sankara, su ruɗi mai dubawa. Kada a cire mama a kan wannan gwaji kaɗai.

Yanzu maganar kwalba, inda a ganina aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Ƙa'idar ASCO da CAP, ƙungiyoyin likitocin sankara da na binciken nama na Amurka, ta ce nama ya shiga fomalin cikin awa ɗaya da cire shi, ya zauna aƙalla awa 6, kada ya wuce awa 72. Fomalin ɗin mai kashi 10 cikin ɗari ake so, wanda aka daidaita tsaminsa, kuma yawansa ya ninka girman naman aƙalla sau goma. Fomalin yana ratsa nama da kusan milimita ɗaya a awa, yana ƙara zurfi yana rage gudu. Ka ɗauki mama da aka cire dungurungum mai kaurin santimita 10 aka jefa a roba ba a tsaga ba: tsakiyarsa na nesa da fomalin da santimita 5, zai kwana biyu ko fiye yana ruɓewa a hankali alhali waje ya yi kyau. Da aka yanka sai a ga tsakiyar ƙarin ja-ja, laushi, ƙwayoyinsa sun sassaɓe daga juna. A irin wannan nama ER da PR (mai karɓar sinadarin furojesteron) sukan ɓace, rinin HER2 (furotin mai hanzarta girman ƙari) ya dusashe, ƙwayoyin da ke rabuwa su yi wuyar ƙirgawa. Sakamakon shi ne a rubuta wa mace “ba ta da ko ɗaya cikin ukun”, a hana ta tamoksifen, maganin da ke toshe istirojin, wanda zai amfane ta shekaru. Gyaran ba tsada: a shafa tawada a gefen da ya kwanta kan ƙirji, a tsattsaga daga baya da tazarar milimita 5 zuwa 10 ba tare da an yanke fata ba, a cusa goz tsakanin yankan, a nutsar. Ka yi yarjejeniya da ɗakin gwajin kan wanda zai yi wannan, a kuma rubuta lokacin cirewa da lokacin shiga fomalin a takarda. Ruwan gishiri da sifirit ba sa maye gurbin fomalin, firiza kuwa ƙanƙararta farfasa ƙwayoyi take yi. Kwalba mai ƙaramin baki ma matsala ce, don nama yana taurarewa, sai an yayyaga shi kafin ya fito.

Ko da an yi komai daidai, akwai inda ƙwararru ke rabuwa. Binciken da Joann Elmore da abokan aikinta suka wallafa a mujallar JAMA a 2015 ya ba likitocin binciken nama 115 gilasan bayofsin mama, aka gwada amsarsu da ta kwamitin ƙwararru. A sankarar da ta keta bango sun dace kashi 96 cikin ɗari, a DCIS (sankarar da ke tsare cikin bututu) kashi 84, a nama marar haɗari kashi 87, amma a ƙwayoyi masu ɗan bauɗiya kashi 48 kacal. Dalilin a bayyane yake in ka san yadda ake raba su. ADH, wato yawaitar ƙwayoyi masu ɗan bauɗiya a cikin bututu, da DCIS mai ƙaramin mataki ƙwayoyinsu iri ɗaya ne: ƙanana, masu kama da juna, sun jeru da tazara daidai, sun bar ramuka zagayayyu kamar an huda da abin huda takarda. Yawa ne kawai ya raba su. In abin bai wuce milimita 2 ba, ko bai cika bututu biyu ba, ADH ne. In ya wuce, DCIS. To a zaren da faɗinsa kansa bai wuce milimita 2 ba, ta yaya za a san inda abin ya tsaya? Saboda haka ADH a allura ba ƙarshen zance ba ne, kuma in aka cire wurin aka sami DCIS ba wanda ya yi kuskure. Rini yana taimakawa ne wajen raba su biyun da yawaitar ƙwayoyi ta al'ada, wadda rinin CK5/6 ke kama ta tsilli-tsilli, ER ma nan akwai can babu. A ADH da DCIS mai ƙaramin mataki CK5/6 ba ya kamawa, ER kuwa ya rufe ko'ina da ƙarfi. Tsakanin ADH da DCIS ɗin kansu rini ba ya raba gardama.

Sauran 'yan rukunin B3 haka suke: fafiloma na cikin bututu, tabo mai rassa, bauɗaɗɗun ƙwayoyin lobul, da ƙari mai haɗin bututu da tsoka mai yawan ƙwayoyi. Kowanne sai an zauna da likitan hoto da na tiyata an yanke ko a cire, ko a ƙara ɗiba da allura mai zuƙo, ko a sa ido. Fafiloma mai bauɗaɗɗun ƙwayoyi dai cire shi ake yi.

Batun ko sankara ta keta bango shi ke raba wadda za a taɓa mata hammata a yi maganar kimo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da wadda ba za a yi wa ba. Kowane lafiyayyen bututu yana da zoben ƙwayoyin mayo'efitiliyam daga waje, DCIS ma yana riƙe da nasa. Sankarar da ta keta ba ta da shi. Ana nemansa da rinin p63, SMMHC da kalfonin, kuma bai kamata a dogara da guda ɗaya ba. Rinin SMA yana kama ƙwayoyin tsokar da ke kewaye da ƙari, sai a ga kamar akwai zobe alhali babu. P63 kuwa ɗigo-ɗigo yake fitowa, a DCIS mai faɗi yakan bar giɓi har a zaci an keta. Adinosis mai tauri da tabo mai rassa suna matse bututu su murɗe su har su yi kama da sankarar tubula, a mamogiram ma haka, rini ne ke fitar da su. Akwai kuma adinosis mai ƙananan bututu wanda ba shi da zoben sam kuma ba sankara ba ne. Rinin S100 na kama shi, ER ba ya kamawa, sankarar tubula kuwa ER ɗinta ƙarfi gare shi. Wani tarkon daga hannunmu yake fitowa: allurar farko takan jawo ƙwayoyi ta zubar a kan hanyarta, musamman daga fafiloma, in aka zo tiyata sai a gan su a cikin nama kamar sun keta. In ba ka rubuta cewa an taɓa soka wurin ba, da ranar da aka yi, ka bar mai dubawa cikin duhu.

Sankarar lobul, wadda ke kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda suka keta bango, ita ce gwanar ɓuya. Ta rasa E-cadherin mai manne ƙwayoyi, don haka ba ta dunƙulewa; ƙwayoyinta ƙanana suna bin layi ɗaya-ɗaya cikin nama. Hannu kauri kawai yake ji, mamogiram yakan fito lafiya, a gilashi kuma ana iya ɗaukarsu fararen ƙwayoyin jini. In mama ɗaya ya yi kauri ko ya tsuke aka ce “kumburi ne”, ka nemi rinin keratin. Girmanta sau da yawa yakan fi abin da hoto ya auna, shi ya sa MRI ke da amfani kafin tiyatar da za a bar mama. Tana kuma bazuwa inda ba a zata ba: ciki, hanji, rufin hanji, ƙwan mace. Macen da ta taɓa yin ta, in bayan shekaru aka ga sankara a tumbinta, a gaya wa ɗakin gwaji tarihin don a yi rinin GATA3 da ER, in ba haka ba za a yi mata maganin sankarar tumbi.

Faibro'adinoma da filodis, ƙari mai haɗin bututu da tsoka kamarsa, ba su cika rabuwa a allura ba, don filodis ɗaya yana iya samun ɓangaren da ba shi da maraba da faibro'adinoma. A nan hannunka ya fi gilashi: ƙullutun da ya wuce santimita 3, ko yake girma cikin watanni, ko ya fito wa mace da ta haura 40, ko ya dawo inda aka cire, a cire shi duka ko me allura ta ce. Ana raba filodis gida uku da duba yawan ƙwayoyin tsoka, bakin ƙarin, da ƙwayoyi masu rabuwa: ƙasa da 5 a fili goma na babban madubi, 5 zuwa 9, sai 10 ko fiye. Mugun cikinsu ta jini yake tafiya zuwa huhu, ba a kwashe masa hammata haka kawai. Duk rahoton da ya ce “dogayen ƙwayoyi marasa alamar haɗari” kuwa, ka tambaya ko an yi keratin iri-iri da p63, saboda akwai sankarar metafilastik da ke shigar tabo.

Jan mama mai kumburi shi ya fi cin lokaci. Sankara mai kumburi da ido da hannu ake gane ta: ja da kumburin fata irin na ɓawon lemo da suka rufe aƙalla sulusin mama, suka taso cikin wata shida ko ƙasa, sau da yawa babu ƙullutu. Ganin ƙwayoyin sankara a magudanan fata yana ƙarfafa zancen, rashin ganinsu ba ya rushe shi. Kumburin da bai saurara wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba cikin mako ɗaya zuwa biyu, musamman ga wadda ba ta shayarwa, a yi hoto a ɗauki naman ciki da na fata. Canja magani karo na uku ɓata lokaci ne. In an tsaga ƙurji a irin wannan mace, a aika da bangonsa. In rahoto ya ce giranuloma (dunƙulen ƙwayoyin kumburi), aikin bai ƙare ba: tarin fuka, ƙwayar Corynebacterium, da kumburin da ba a san sababinsa ba duk haka suke fitowa, kuma rinin ZN yakan kasa ganin tarin fuka don ƙwayoyin kaɗan ne. Fomalin yana kashe su, don haka tun farko a ware zare ɗaya a ruwan gishiri mai tsabta don shuka ƙwayoyin cuta da gwajin tarin fuka na GeneXpert. Ba da sitiroyid kafin a kore tarin fuka hura wuta ne. Ƙaiƙayi ko ɓawo a kan nono ɗaya da ya fara daga tsinin ya bazu waje, in ya ƙi man shafawa na makonni kaɗan, a ɗauki fatar don cutar Paget (sankarar fatar kan nono), ko da mamogiram bai nuna komai ba. Mafi yawansu akwai DCIS ko sankara a ƙarƙashi.

Sai ER ɗin da ka tambaya. Kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyi in suka kama rini, ana cewa akwai. Tun 2020 ana rubuta kashi 1 zuwa 10 daban a matsayin mai rauni, don sau da yawa irin waɗannan halinsu ya fi kusa da marasa ER. Kafin ka karɓi “babu”, ka nemi layin da ke cewa lafiyayyun bututun da ke cikin gilashin sun kama. In su ma ba su kama ba, gwajin ne ya mutu. HER2 mai 3+ na nufin rini mai ƙarfi ya zagaye ƙwayoyi fiye da kashi 10. 2+ sai an tafi gwajin ISH, mai ƙirga kwafin ƙwayar halittar HER2. Bambancin 0 da 1+, wanda da ba wanda ya damu da shi, ya zama abin lura tun da binciken DESTINY-Breast04 na 2022 ya nuna amfanin maganin trastuzumab deruxtecan ga masu ƙaramin HER2 da cutarsu ta bazu, kuma nan ne idanu suka fi saɓawa. Ka kuma auna sakamakon da nau'in ƙarin. Sankarar tubula, mai majina, ko lobul ta asali da aka ce ba ta da ER, ko mai mataki na 1 da aka ce HER2 3+, abin a sake ne. Naman ƙashi da aka narkar da asid mai ƙarfi ba a dogara da rininsa. A nemi a narkar da shi da sinadarin EDTA ko a ɗauko daga wani wurin. Matakin Nottingham ma, ma'aunin munin ƙari wanda ake haɗa maki uku a samu 3 zuwa 5, 6 zuwa 7, ko 8 zuwa 9, yakan fito ƙasa a allura fiye da bayan tiyata, don filin ƙirga ƙwayoyi masu rabuwa bai da yawa.

A tiyatar da aka bar mama, a sa zare a nuna gefe, gajere sama dogo waje, a rubuta. Ba tare da shi ba za a ce maka sankara ta taɓa tawada amma ba wanda ya san ta wane ɓangare. A wadda ta keta bango, rashin taɓa tawada ya isa; a DCIS zalla da za a bi da gashi (ƙona sankara da haske), milimita 2 ake nema. In za a fara kimo kafin tiyata, a dasa ɗan ƙarfen alama tun ranar bayofsi, domin ƙarin yana iya narkewa a rasa inda za a yanka.

A takardar aikawa ka rubuta shekaru, ɓangare da wurin ƙullutun da nisansa daga kan nono, girmansa, matakin BI-RADS, ciki ko shayarwa, tsohuwar tiyata, kimo ko gashi, da abin da kai kake zargi. Gashi da kimo suna bauɗar da lafiyayyun ƙwayoyi, wanda bai san an yi su ba zai iya kiransu sankara. Ra'ayi na biyu kuwa a neme shi a kan ADH da DCIS mai ƙaramin mataki, ketawar da ba ta wuce milimita ɗaya ba, ƙari mai fafila, filodis, dogayen ƙwayoyi, da duk rahoton da za a cire mama ko a fara kimo a kansa alhali bai dace da hoto ba. Ka fara da kiran wanda ya sa hannu a rahoton ka gaya masa abin da ka taɓa. Sau da yawa ƙarin yanka biyu ko uku daga bulok ɗin ya wadatar. In za a tura wani wuri, a haɗa gilasan da bulok ɗin farafin da rahoton hoto, don ba a iya yin sabon rini a kan takarda.